Azumin da Baba Ya Ƙi Gamawa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga ɗanki Ja'afaru ɗan Inuwa masunci, a nan Haɗeja, zuwa ga Gwaggona Yagana a Kukawa. Gaisuwa mai yawa tare da ban girma. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da duk wanda ke cin tuwo a gidanku. Allah ya ja kwananki, ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya miki zuciya kan abin da ya wuce, ya tsare ku daga sharrin dare da na rana, amin. Wanda zai karanta miki kuma ina gaishe shi, ya yi haƙuri da hannuna. Ban yi zaman makaranta ba, abin da na iya a gefen allon wasu na tsince shi, baƙi ɗaya yau, ɗaya gobe. Amma ina roƙonsa don Allah kada ya tsallake komai, kada kuma ya gyara mini magana. An san ni da baki a unguwarmu, ba yau aka fara ba. In ya zo wuri mai zafi, ya karanta miki shi da zafinsa.

Mu nan alhamdu lillahi. Iya tana nan sai ciwon gwiwar da kika san ta da shi. 'Yar'uwata Binta ta yaye ɗanta, ta koma ɗakinta. Surukarki Falmata har yanzu tana wurinmu, iyayenta sun so ta koma gida bayan ta fita takaba, Iya ta ce a bar ta sai yaron ya yi ƙwari. Yaron muna kiransa Audi tunda bai tarar da ubansa ba, ya fara rarrafe, ba abin da yake bari a ƙasa sai ya kai baki. Alkama ta yi kyau bana a fadama. Ruwan farko ya sauka, an yi shukar gero a tudu, amma kogi bai sauko ba tukuna, har yanzu jakuna na ratsa shi a kan yashi. Ki riƙe wannan maganar ta kogi, zan dawo kanta.

Gwaggo, ba don gaisuwa kaɗai na ɓata takarda da tawada ba. Ƙanenki yana mutuwa. Ba zazzaɓi ba ne, ba sammu ba ne kamar yadda matan unguwa ke raɗa, ba kuma yunwa ce ta shigo gari ba, rumbunmu da hatsi. Shi ne yake kashe kansa da kansa a hankali, a gaban idonmu, da sunan ibada, mu kuwa muna tsaye da akushi a hannu kamar gumaka. Kuma dole in ambaci sunan da ke ba kya ambata. Na san ɗan fari ne, na san kunya ta hana ki kiran sunansa tun ranar da aka raɗa masa shi, shi ya sa ma aka kawo shi gidanmu da yaye Baba ya riƙe shi. Ni taubashina ne, tabarma ɗaya muka tashi a kai, ba kunya tsakanina da shi. Ari nake nufi.

An gaya miki ruwa ya ci shi ranar su, wato kamun kifin gayya, bara da bazara, kuma gaskiya ne, sai dai ba a gaya miki yadda aka yi ba. Goruna biyu ne a gidanmu na shiga gurbi, manyan nan da masunci ke kifa cikinsa a kai yana yawo bisa ruwa da homa a hannu, abin da ya kama ya jefa a ciki. Ɗaya lafiyayye, ɗayan ya tsage a gindi tun kaka. Baba ya ɗinke shi, ya shafe ɗinkin da ƙaro, ya ce sai ya sha rana sosai kafin ya taɓa ruwa. Kwatsam sarkin ruwa ya sa aka yi shela cewa gobe za a buɗe gurbin Kuka Biyu, ƙaron kuwa bai gama bushewa ba. Baba ya ce ba komai, shi zai hau ɗinkakken, ya san inda yake ciwo, gefe-gefe zai bi. Da safe a bakin ruwa sai Ari ya riga shi, ya ɗauki ɗinkakken ya ɗaura igiyarsa a ƙugu, ya bar wa kawunsa mai kyau. Kin san tarbiyyar gidanku, ke kika fi ni sani: yaro ba ya barin babba da kayan aiki mai rauni. Baba ya gani. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya duba gaɓa cike da mutane, ga surukan Ari a tsaye suna kallo, ya ga in ya kira shi ya karɓe goran a gabansu kamar ya ce yaron bai isa ba ne. Ya haɗiye maganar, aka buga ganga, kowa ya faɗa ruwa. Ari kuwa kin san shi, ko ba ki san shi ba ma tunda ba a bar ki kin san shi ba, ba ya tsayawa gefe. Tsakiyar gurbi ya nufa inda manyan tarwaɗa suke. Ɗinkin ya buɗe, goran ya sha ruwa ga nauyin kifi, igiya a ƙugunsa, homa ta harɗe da ciyawar ƙasa. Ina bakin gaɓa, ni da ba na shiga ruwa, shi ya sa Ari yake ce mini malamin tudu. Cikin hayaniyar su ba wanda ya lura sai da aka fito aka ga babu shi. Baba ne ya nutsa ya ciro shi washegari, kuma tun daga ranar bai ƙara sa kifi a bakinsa ba. Ban tambaye shi dalili ba, ke ma kada ki tambaya.

Bayan an share makoki ya je wurin limamin unguwarmu ya ce shi ya kashe yaron, a gaya masa abin da ke kansa. Liman mutumin kirki ne, ya ce masa bai kashe kowa ba, ajali ne ya zo a cikin gora, da ba gora da ya zo a cikin wani abu. Baba ya nace. Da liman ya ga ba zai bari ba sai ya ce to, in zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai da kaffara, kaffarar kisan kuskure azumin wata biyu ne a jere, in mutum ya karya da gangan a tsakiya sai ya koma farko. Mun yi murna a lokacin, Gwaggo, wallahi mun yi murna. Muka ce wata biyu ai kamar gobe ne, ya yi ya sauke kayan nan ya dawo mana. Ashe mun miƙa masa igiya ne.

Ya ɗauka, ya yi ta yi har aka ga ƙarshe ya matso, Iya ta sa an daka shinkafa za ta yi sadaka. Sai ya shigo wata rana da azahar ya ce ruwa ya wuce masa maƙogwaro garin kurkurar baki a alwala, azumi ya ɓaci, zai koma farko. Na ce masa ba haka ba ne. Akwai wani tsohon littafin fiƙihu da na samu wurin wani baƙo, rabin ganyensa gara ta ci, amma babin nan yana nan, na karanta masa da bakina cewa abin da ya faru ba da niyya ba ba ya rushe jeri, rana ɗaya ake ramawa a haɗa. Ya ce mini wanda bai durƙusa gaban malami ba ba ya yi wa ubansa fatawa. Na haɗiye wannan, na je na ɗauko liman da kansa, ya faɗi abin da na faɗa har ya ƙara, ya ce jiki amana ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har ƙofar gida, washegari ya koma farko. Zagaye na biyu ma da ya kusa ƙarewa sai ya ce yana shakkar ko ya ɗaura niyya wani dare. Watan azumi da salla suka shigo suka katse shi, muka ce to ko yanzu zai huta, ana gama salla ya sake ɗauka.

Da ma a ce yana cin abinci in rana ta faɗi, da da sauƙi. Azumi bai taɓa kashe masunci ba. Amma Baba ya bi abinci ɗaya bayan ɗaya yana kora kamar mai korar kaji daga shanya. Kifi ya fara tafiya. Sai shinkafa, wai ruwan kogin ta sha. Sai bado, sai alkama, har nonon da Fulanin fadama ke kawowa ya ce shanun a kogin suke sha. Ki gaya mini, Gwaggo, a ƙasar nan tamu me ya rage in an cire abin da kogi ya taɓa? Kunun gero tsararo, ba tsamiya ba zuma, ludayi kaɗan da magariba, ludayi kaɗan da sahur, sai ruwan rijiya. Iya ta yi dabara iri-iri. Ta daka busasshen kifi ya yi laushi kamar gari ta zuba a miyar kuka, yana ɗaga murfi ya mayar ya rufe. Ta narka man shanu a kunu, ya ɗanɗana ya ture. Ranar sunan Audi ne kaɗai aka taru a kansa, dattawa suka rantsar da shi, ya ci tuwo da nama da daddare, ya ci kamar wanda ake bi da bulala, hannu baka hannu ƙwarya, har na tsorata. Bai kai ga kwanciya ba ya mayar da shi duka a bayan ɗaki, ya zauna yana istigfari kamar wanda ya ci haram. A nan na gane ba cikinsa ne ya ƙi abincin ba. Mutumin da ke gaba da kansa, ko zuma ka ba shi maɗaci ce.

Yanzu in kika gan shi ba za ki gane shi ba. Mutumin da ke ɗaukar kwale-kwale ta baki ɗaya maza biyu su ɗauki ɗaya bakin, yau buta ma da hannu biyu yake ɗaga ta. Mazagin wandonsa sau biyu yake zagaya shi. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya tsaya. Dasashinsa na jini. Dundumi ya kama shi, rana na faɗuwa sai ya riƙa lalube, ni nake kai shi masallaci in dawo da shi, salla kuma a zaune. Homarsa na rataye ɓeraye sun ci rabinta. Audi yakan rarrafa ya je ya kama gwiwarsa, shi kuma ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka ɗora wa garwashi a cinya, ya kira Falmata ta zo ta ɗauke ɗanta. Yarinyar nan ta durƙusa a gabansa ba sau ɗaya ba, ta ce ita ba ta riƙe shi da komai ba, mijinta da hannunsa ya ɗauki goran. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Kowa Allah ya yi masa albarka, kowa an gode, kunu kuma yana nan yadda aka kawo shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne abin da na gani da idona a ƙarshen watan da ya wuce. Saura ƙiris ya gama, ba wanda ya yi maganar don kada a tuna masa, Iya ko shinkafa ba ta daka ba wannan karon. Da rana tsaka ina zaure ina gyaran alƙalami, yana zaune a tsakar gida kusa da inda aka sheƙa gero. Na ga ya duba dama da hagu, ya sa yatsa ya ɗauki ƙwayar gero guda ɗaya daga tabarma, ya kalle ta, ya sa a baki ya haɗiye. Da gangan, Gwaggo, da hankalinsa. Ban san lokacin da na tsaya a kansa ba. Na gaya masa maganganun da ɗa ba ya gaya wa uba, kuma ba zan ce miki na yi nadama ba. Na ce wannan ba ibada ba ce, wasa da Allah ne. Na ce Ari ya bar masa gora mai kyau don ya rayu, shi kuma ya ɗauki ran da aka bar masa yana zubarwa a ƙasa ludayi-ludayi, to asarar Ari ta zama biyu ke nan. Na ce in mutuwa yake so gurbin Kuka Biyu na nan bai ƙafe ba, ya fi sauri, ya huta mu huta. Iya ta fito da muciya a hannu tana cewa in rufe bakina kafin ta rufe mini shi.

Na zaci zai tsine mini, da ma ya yi. Sai ya ce in zauna. Ya ce ya san abin da na karanta masa gaskiya ne, ya san na liman ma gaskiya ne tun ranar farko. Ya ce, "Allah mai gafara ne, Ja'afaru, ban taɓa shakka ba. Ni ne ba ni da ita." Ya ce duk sanda ya hango ƙarshen azumin sai tsoro ya kama shi, don in ya gama, sai me? Sai ya wanke hannu ya zauna gaban akushi ya ci tuwo da kifi kamar an rufe magana, yaron kuwa yana ƙasa? Na ce ai kowa ya yafe masa, har uwar yaron ta aiko. A nan ne ya yi wata dariya da ban so ji ba. Kin tuna saƙon da kika ba Shu'ibu madugu ya kawo bayan rasuwar, tare da dabino da kanwa? Kika ce a gaya wa Inuwa wanda ya bayar shi ya karɓa, babu komai, ya yi haƙuri. Baba ya haddace shi kamar karatu. Ya ce kin ba shi yaro yana tafiya da ƙafarsa, ya mayar miki da labari, ke kuma kika ce babu komai, ko sunansa ba ki kira ba. Ya ce da kin zage shi, da kin yi kuka a gabansa kin ce ina ɗana, da ya san girman abin da ke kansa, ya san inda ya fara da inda ya ƙare. Amma babu komai ba ta da baki ba ta da gindi, ta ina mutum zai kama ta ya sauke?

Ban ga laifinki ba, Gwaggo, ko kuwa in ce na gani kaɗan, ki yafe mini. Na san abin da aka koya miki ke nan, uwa ba ta nuna ɗan fari ko a raye ko a mace, kuma na san kin yi kukanki a bayan ɗaki inda ba mai gani. Amma ki duba abin da kunya ta yi mana a gidan nan. Kunya ta sa Ari ya ɗauki tsagaggen gora. Kunya ta rufe bakin Baba a bakin ruwa. Kunya ta sa kika aiko da babu komai. Mutum ɗaya ta riga ta ci, ga na biyu a bakinta, kowa kuma sai yabon tarbiyyar gidanmu yake yi. Ni da aka ce ba ni da kunya, ni kaɗai nake ihu, ihun kuma ba ya zama tuwo a cikin kowa. Na yi karatu, na yi faɗa, na yi roƙo. Har rantsuwa na yi cewa in bai ci ba ni ma ba zan ci ba, kwana biyu na yi jiri ya kayar da ni a bakin rijiya, Baban ne ma da kansa ya sa Iya ta dama mini fura ya zauna yana kallo har na shanye. Ban san abin da ya rage ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to shi ya nuna mana wurin da yatsa, sai dai hannunmu ba ya kaiwa.

Ke kika goya Baba bayan rasuwar kakarmu, ke kika koya masa cin tuwo da hannun dama. Iya ta ce ko yana saurayi in ya yi fushi ya ƙi abinci, ke kaɗai ce kike ajiye masa akushi ki tsaya a kansa ya ci. Ba na ce in kin zo zai warke ba, ban sani ba, wataƙila jikin ya riga ya wuce inda abinci ke kaiwa. Amma da tsayuwar watan nan ya sake komawa farko, kuma na rantse miki ba shi da wani wata biyun bayan waɗannan. Shu'ibu ya ce ayarinsu zai juyo daga Kukawa ba da daɗewa ba, ya yarda ki biyo su, zai ba ki takarkari ki hau. Ki roƙi maigidanki, ki nuna masa takardar nan in ya ƙi. In kika bari kogi ya sauko ya cika fadama, hanya ta rufe sai kaka, kuma da kaka ba na jin za ki tarar da wanda za ki yi wa faɗa.

Iya tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta gaji, ba ta ƙara komai a kai ba. Binta da mijinta suna gaisuwa. Falmata tana gaishe ki da ban girma, ta ce ki zo ki ga goshin Audi, ba sai an gaya miki na wane ne ba. Ki gaishe mini da maigidanki, da Gumsu da yaranta, da Abdulwahid, ki ce masa har yanzu ina riƙe da wuƙar fiƙe alƙalamin da ya ba ni. Baba bai san na rubuto ba. Da ya sani da ya ce a gaishe ki, a ce miki yana lafiya.

In kin tashi zuwa kada ki wahalar da kanki da tsaraba, kuma don Allah kada ki sake aiko mana da yafiya a bakin wani. Muna da ita cike da gida, ta liman, ta Falmata, ta dangi, ba wadda ya iya haɗiyewa. Ki zo da kanki, ki tsaya a gabansa ki kira sunan ɗanki da ƙarfi, ki tambaye shi me ya hana shi magana a bakin ruwa, ki yi kukanki yana gani. In kin gama, ki ce masa ya isa. Iya za ta kasance a bayanki da akushi.

Wassalam. Ni ne ɗanki mai bakin da kika sani,
Ja'afaru